ALGUS: KALMAR DA KASUWA TA DAINA JIN NAUYINTA

Harshen Hausa harshen fatake ne, saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da shi cike da kalmomin da ke rarrabe nau'o'in cuta a ciniki. Akwai zamba, akwai damfara, akwai ha'inci, akwai ƙwara, akwai tauye mudu, akwai almundahana, akwai jabu, sa'an nan akwai algus. Kowace daga cikinsu da irin laifin da take nunawa, kuma dattawan kasuwa ba sa ɗaukar wata su aza a gurbin wata. Abin da wannan sharhi ke son jawo hankalin 'yan kasuwa gare shi shi ne, daga cikin waɗannan kalmomi, wadda aka fi rainawa a yau, watau algus, ita ce ta fi kowace yi wa tattalin arzikinmu ɓarna, kuma raina kalmar na daga cikin dalilan da suka sa aikin ya zama ruwan dare.

Asalin kalmar daga Larabci take, daga "algishshu", kuma har yanzu akwai masu furta ta da "algushu". Ma'anarta ita ce a gauraya abu mai kyau da maras kyau, ko a ɓoye aibin kaya, a sayar wa mutum a kan cewa lafiyayye ne. Mai nonon da ta tsinka shi da ruwa ta yi algus. Wanda ya zuba yashi ko tsakuwa a buhun riɗi don ya ƙara nauyi ya yi algus. Haka wanda ya jera manyan tumatir a saman kwando ya binne ruɓaɓɓu a ƙasa, da wanda ya narka sukari ya haɗa da zuma, da wanda ya zuba jan rini a cikin manja ko garin barkono, da wanda ya yayyafa wa auduga ruwa kafin a ɗora ta kan sikeli. Sharaɗin algus guda biyu ne: kaya sun kasa abin da aka ce su ne, kuma mai saye bai sani ba. Idan ɗaya daga cikin biyun ya faɗi, kalmar ta faɗi.

Yana da kyau a tantance ta daga 'yan'uwanta. Damfara ita ce a karɓi dukiyar mutum da ƙarya a kan abin da babu shi ko kaɗan, kamar a sayar masa da filin da ba na mai sayarwa ba. Zamba ta fi faɗi, ta haɗa duk wata yaudara da aka shirya don a ci dukiyar wani, kuma idan daga wajen wanda aka yarda da shi ta fito sai a ce zamba cikin aminci. Ha'inci, wadda ita ma daga Larabci take, laifin wanda aka ba amana ne, kamar yaron shago ko wakilin saye. Tauye mudu ya shafi yawan kaya, ƙwara ta shafi farashi ko rabo, almundahana kuwa ta fi zama a ofis da littattafan lissafi. Algus ita kaɗai ce ta shafi ingancin kayan da kansu. Ɗan damfara yakan karɓi kuɗi ya ɓace, mai algus kuwa yana nan zaune a rumfarsa, gobe ma za a same shi, har a gaisa.

Wannan zama a rumfa shi ya sa kalmar ta yi sanyi a kunnen jama'a. Idan aka kira mutum ɗan damfara, sai a kai ga hukuma ko a ɗaga hannu. Amma idan aka ce kayansa akwai algus, sau da yawa murmushi zai yi ya ce ai kasuwa ta gaji haka. Daɗin daɗawa, an samo wa aikin waɗansu sunaye masu taushi da ke wanke shi. Wanda ya gauraya tsohuwar masara da sabuwa sai ya ce "haɗi" ya yi. Wanda ya juye shinkafar gida a buhun 'yar waje sai ya ce "gyara" ne. Wanda ya ɓoye aibi ya sayar sai a yaba masa da "iya kasuwa" ko "wayo". Waɗannan kalmomi babu wadda ke ɗauke da kunya, kuma laifin da aka cire wa kunya ya riga ya sami lasisi.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu ta jingina cuta ga waɗansu. Kalmar jabu, alal misali, ana danganta asalinta da sunan garin Ijebu tun zamanin kuɗin sulalla, alhali kuwa buga kuɗin ƙarya bai taɓa zama sana'ar gari guda ba, kuma mutanen Ijebu 'yan kasuwa ne da aka sani da ƙwazo. Haka nan "419", wadda ta mamaye bakin jama'a tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Lambar ta sashe ce a cikin dokar manyan laifuffuka da ke aiki a jihohin Kudu, sashen da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. A Arewa dokar Final Kod ce aka kafa tun 1960, kuma a cikinta sashe na 320 ne ya fayyace laifin cuta. Duk da haka "419" ce ta yi suna, har ta zama wa mutane ma'aunin zamba: wasiƙa daga Ikko, baƙon Bature, miliyoyin daloli. Ɗan kasuwar da ke zuba tsakuwa a wake sai ya dubi wannan hoto ya ga babu shi a ciki, ya kwana da kwanciyar hankali.

Gwamnati ma inda hankalinta ya fi karkata ke nan. An kafa dokar soja mai lamba 13 ta shekarar 1995 don yaƙi da damfarar neman kuɗin kafin alƙalami, aka sake ta a 2006, hukumar EFCC kuma ta fara aiki a 2003. Shari'ar Emmanuel Nwude, wanda aka samu da laifi a 2005 kan karɓar dala miliyan 242 daga wani bankin ƙasar Brazil da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, ta zagaya duniya. Rushewar MMM a ƙarshen 2016 da ta CBEX a 2025 su ma sun cika jaridu. Babu mai musun girman waɗannan laifuffuka. Sai dai damfara irin wannan takan faɗa wa waɗansu mutane ne a wani lokaci, algus kuwa haraji ne da kowane gida ke biya kullum a kan kowane mudu, ba tare da rasit ba.

Ilimin tattalin arziki ya daɗe da bayyana yadda wannan haraji ke kashe kasuwa. A shekarar 1970 wani masani Ba'amurke, George Akerlof, ya rubuta wata maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda ta kasance cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai sayarwa ya san ingancin kaya mai saye bai sani ba, to mai saye ba zai yarda ya biya farashin kaya masu kyau ba, sai ya taya a kan matsakaici don ya kare kansa. Mai kaya masu kyau sai ya ga farashin bai kai darajar kayansa ba, ya janye su ko ya rage ingancinsu. Da ya yi haka sai matsakaicin inganci ya ƙara faɗuwa, mai saye ya ƙara rage tayi, a yi ta tafiya a haka har kasuwa ta koma ta marasa kyau zalla.

Mu sauko da wannan bayani zuwa buhun riɗi. A ƙaddara masu kawo riɗi goma ne ke sayar wa kamfani guda a Ikko, kowane buhu kilo 100. Uku daga cikinsu suna zuba kilo 10 na yashi da ƙaiƙayi a kowane buhu, bakwai kuwa nasu tsaftatacce ne. Kamfanin ba shi da halin zazzage kowane buhu, amma bayan an tankaɗe ya lura cewa a kan kowane kilo 1,000 yana asarar kilo 30. Abin da zai yi a bayyane yake: zai zabge kashi 3 cikin 100 daga farashin kowa, ya ƙara da kuɗin tankaɗe da na leburori. Masu gaskiya bakwai sun biya tarar laifin da ba su aikata ba, masu algus uku kuwa har yanzu suna da ribar kashi 7. A kaka mai zuwa biyu daga cikin bakwai ɗin za su ce ba su ga amfanin tsaftace kaya ba. Sai masu algus su zama biyar, zabge ya koma kashi 5, matsi a kan sauran ya ƙaru. Lissafin ƙaddarawa ne, amma duk wanda ya san Dawanau ko Mile 12 ko Bodija ya san ba tatsuniya ba ce.

Tarihin kayan da muke fitarwa waje ya tabbatar da haka. Lokacin da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, tsarin duba inganci ya raunana, sababbin 'yan kasuwa suka yi ta rige-rigen sayen koko wanda bai gama bushewa ko tsumuwa ba suna turawa waje. Sakamakon haka kokon Nijeriya ya rasa martabar da yake da ita, masu saye a Turai suka riƙa rage masa farashi, kuma manomin da ya bi ƙa'ida ya sha ragin tare da wanda bai bi ba. Hukumomin da aka rushe suna da nasu laifin na danne farashin manomi, amma darasin da ya fito fili shi ne, kasuwar da babu mai tantance inganci a cikinta ba ta iya kare mai gaskiya.

A 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an yi ta samun maganin ƙwari mai suna dikilobos a cikinsa fiye da ƙa'ida nesa ba kusa ba, aka kuma tsawaita dakatarwar a 2016. Masu ajiyar wake da ke kwarara masa maganin don kada ya yi ƙwari ba sa kiran abin da suke yi algus, a wajensu adana dukiya ne. Amma sun ɓoye wa mai saye aibin da in ya sani ba zai saya ba, kuma ma'anar kalmar ke nan. Turawa ba su tsaya tambayar wane ɗan kasuwa ne ya yi ba, ƙasar baki ɗaya suka rufe wa ƙofa. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, a nan karin maganar ta faɗa daidai kan wake.

Wani lokaci abin kan wuce asarar kuɗi. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Nijeriya bayan shan ruwan maganin farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba da ake amfani da shi a masana'antu, wanda aka sayar a matsayin sinadarin haɗa magani. Wannan masifa na daga cikin abubuwan da suka gabaci kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka a 2008 irin wannan sinadari ya sake shiga wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, yara 84 suka rasa rayukansu. A farkon 2022 kuwa man fetur da aka shigo da shi daga Antwap ta ƙasar Beljiyam ya zo da sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka lalace, aka janye man, ƙasa ta shiga dogayen layuka na makonni. A kowane daga cikin waɗannan, wani ne a tsakiyar hanya ya miƙa abu da sunan wani abu, sauran suka karɓa bisa yarda.

Yarda kuwa ita ce babban jarin ɗan kasuwar Hausa a duk inda ya sauka. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Badun ya kuma wallafa littafi a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya ginu a kan bashi da amana. Falke ya kawo shanu ya sauka a gidan maigida, dillali ya sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya a matsayin lamuni, a kuma tura goro Arewa ga wanda ba a gani ba, duk ba tare da takardar yarjejeniya ko lauya ba. Abin da ya riƙe tsarin shi ne suna. Wanda aka kama da ha'inci ko algus labarinsa zai riga shi isa kowane zango, kuma babu maigidan da zai sake tsaya masa. Wannan tsari ya rage wa 'yan kasuwarmu tsadar bincike da tsadar shari'a, ya ba su damar yin gogayya da waɗanda suka fi su jari. Kowane buhu mai yashi da ya isa Ikko ko Onica ko Fatakwal, daga wannan gado ake yanka ana zubarwa.

Masu kare kansu suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Na farko sukan ce tsadar rayuwa ce. Gaskiya ne hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuɗin mota da na harajin kan hanya sun cinye riba, mai saye kuma ya ƙi yarda da ƙarin farashi. Na biyu sukan ce mai saye ne ke neman araha, kuma araha ba ta ado. Na uku sukan ce kowa na yi, wanda ya ƙi zai tashi daga kasuwa. Duka ukun akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, amma babu wadda ta halatta ɓoyewa. Wanda tsada ta matsa yana da damar ya rage yawa ya faɗa, ko ya kawo kaya masu daraja ta biyu ya kira su da sunansu. Sayar da gaurayen manja ga wadda ta san gauraye ne ciniki ne halattacce, domin sharaɗi na biyu na algus ya faɗi. Malaman fiƙihu tun da can sun wajabta bayyana aibin kaya, suka kuma ba mai saye zaɓin mayarwa idan an ɓoye masa, kuma a Daular Sakkwato akwai muƙamin muhtasibi mai duba mudu da kayan kasuwa. Hujja ta uku kuwa, cewa kowa na yi, ita ce ainihin ciwon da Akerlof ya bayyana, kuma tana nuna cewa mutum ɗaya ba zai iya maganinsa ba, sai an haɗu.

Saboda haka maganin yana hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa kafin ya kai ga gwamnati. Hukumomi irin su NAFDAC, da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, da sashen awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki, duk suna da doka a hannu, amma ba su da ma'aikatan da za su tsaya a kan kowane buhu. Sarkin kasuwa da shugabannin layi su ne suka san wanda ke jiƙa citta da wanda ke buga gindin mudu. Abu na farko da ya kamata su yi shi ne su raba kaya daraja-daraja, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kowace da farashinta, ta yadda mai tsaftace kaya zai ga ladan wahalarsa a aljihunsa. Na biyu, manyan kasuwannin hatsi su koma ga sikeli da kilo, domin mudu da tiya da buhu girmansu ya bambanta daga gari zuwa gari, kuma a cikin wannan bambanci mai cuta ke ɓuya. Na uku, kowane buhu ya ɗauki alamar wanda ya cika shi, don idan aka buɗe shi a Badun aka ga tsakuwa a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Na huɗu, ƙungiya ta ajiye littafin waɗanda aka kama, ta hukunta su a bainar jama'a ba tare da duban girman rumfa ba.

Su ma manyan masu saye, kamfanonin sarrafa abinci da masu fitar da kaya waje, suna da nasu rabon. Muddin suna biyan farashi ɗaya ga mai tsafta da mai datti, to su da kansu ne ke ɗaukar nauyin algus. Kamfanin da ya sa ƙarin Naira a kan kaya masu daraja ta ɗaya, ya kuma cika alkawari kaka bayan kaka, zai ga yashi ya ragu ba tare da ya kira ɗan sanda ba. Bankuna masu ba da rance a kan kayan da ke ajiye a sito su ma za su fi sakin jiki idan akwai takardar daraja da za su dogara da ita, wanda hakan zai sauƙaƙa wa ɗan kasuwa samun jari.

Daga ƙarshe akwai aikin da ba ya bukatar kasafin kuɗi, watau mayar wa kalmar da nauyinta. Gidajen rediyo da jaridun Hausa da masu fassara sanarwar hukumomi su daina fakewa da "gurɓataccen kaya" ko "kaya marasa inganci" a inda aka san da gangan aka yi, domin waɗannan kalmomi suna nuna kamar tsautsayi ne ya faɗa wa kayan. Gurɓacewa kan faru da kanta, algus kuwa sai da mai yi. Uban gidan da ke koya wa yaronsa ciniki ya koya masa bambancin riba da algus tun ranar farko. Mai saye kuma idan ya gani ya kira abin da sunansa a gaban rumfa, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba. Kakanninmu da suka aro kalmar suka ajiye ta a kasuwa sun san abin da suke tsaro. Ranar da ɗan kasuwa zai ji an ce masa mai algus ya ji kamar an ce masa ɓarawo, ranar farashin kayanmu zai fara dawowa daidai da darajarsu, a gida da waje.